Ba nauyi kaɗai ke yi wa jaki gyambo ba



Rani ya yi, ƙarfin bisashe ya ragu, amma aikinsu ya ƙaru. Daga Kornaka har Bermo, da duk kwarin Tarka, jakai da raƙuma da takarkarai ne ke jan guga a rijiyoyi masu zurfi. Su ne kuma ke kai hatsi kasuwar Dakoro. Ku dubi bayansu. Da yawa suna da gyambo. Mai dabba ya kan ce kaya ne suka yi yawa. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa laifin akumari ne ko sirdi.

Ku tuna da mace mai ɗaukar tulu. In ta aza shi bisa kai ba gammo, tsakar kanta ta yi zafi. In ta sa gammo, ta kai gida lafiya. Tulun bai rage nauyi ba. Gammo ya raba nauyin ne bisa wuri mai faɗi.

Mu yi lissafi. Kaya kilo 60 bisa bayan jaki. In akumari ya kwanta daidai a wuri mai faɗin tafin hannu 10, kowane tafi ya ɗauki kilo 6. In ya karkace, ya taɓa wurin tafi 2 kaɗai, kowane ya ɗauki kilo 30. Nan jini ba ya gudu sosai cikin fata. Fata ta kumbura, ta saɓule, ƙuda su samu wurin zama.

Masana suna auna wannan matsi a ɗakin gwaji. Kamfanin Fujifilm na ƙasar Japan yana yin wata leda siririya kamar takarda, sunanta Prescale. A jikinta akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Ana sa ta tsakanin abu biyu, a matse, sannan a buɗe. Inda aka matsa, ƙwayoyin sun fashe, wurin ya yi ja. Inda matsi ya fi ƙarfi, jan ya fi duhu. Inda abubuwan ba su haɗu ba, ba ja ko kaɗan. Masu ƙera motoci suna aiki da ita, don su ga ko ƙarafan inji sun haɗu daidai.

Mu ba mu da wannan leda, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Ga yadda za ku yi:

1. Ku shafa garin gawayi a cikin akumari, gefen da ke taɓa jiki.
2. Ku shimfiɗa tsohon farin ƙyalle bisa bayan jakin, ku aza akumari da kaya.
3. Ku yi ƴar tafiya, ku sauke, ku dubi ƙyallen.

In baƙin ya bazu ko'ina daidai, akumarinku na da kyau. In ya taru wuri ɗaya ko biyu, nan ne gyambo zai fito. Ku kwance, ku rage cushe a wurin da ya yi tudu, ku ƙara inda ya lotse. Kada komi ya zauna bisa ƙashin gadon baya. Kayan dama da na hagu su zo daidai.

Kowane marece, bayan kun sauke kaya, ku shafa bayan dabba da hannu. Wuri mai zafi ko kumburi gargaɗi ne. Farin gashi inda da babu, alamar tsohon ciwo ne. In fata ta riga ta buɗe, ku wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ku hutar da dabbar, ku nemi likitan bisashe. Kada ku zuba baƙin man mota.

Jakin da ya kwanta da rani, wa zai ɗebo wa gida ruwa?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.