Raddi Ga Mai Da'awar Cewa Kiɗan Rok-an-rol Gadon Turawa Ne

Wata 'yar takarda da wani malamin makaranta ya rubuta domin yi wa samari gargaɗi ta zaga hannuwan masu karatu a Mubi har ta iso mana nan Maiha, kuma da marubucin ya tsaya a fagen nasiha, inda yake da ƙarfi, bai tsunduma fagen tarihi ba, inda guzurinsa ya gaza, da ban wahalar da alƙalamina ba. Hukuncin kiɗa, halal ne ko haram ko makaruhi, mas'ala ce ta fuƙaha'u, na bar musu abinsu. Abin da ya dame ni shi ne da'awarsa cewa kiɗan da ake kira rok-an-rol, wanda yawancin kiɗan zamani ya tsiro daga gare shi, Turawa ne suka ƙage shi, wani saurayi Elvis Presley ne ya fara shi a 1954, baƙar fata kuwa, na Amurka da na nan gida, 'yan kwaikwayo ne kawai masu bin sawu. Ya jero dalilai huɗu. Zan yi masa adalci iyakar iko, ko da yake mai karatu zai ga cewa dalili ɗaya ne aka yi wa riguna huɗu.

Mu fara da ginshiƙin, watau cewa Elvis ne mafari. Al'adar malamanmu, idan aka kawo musu magana, kafin su dubi matani sai sun tambayi isnadi, wa ya karɓa daga wa, a ina, kuma yaushe. To, alhamdu lillahi, wannan mas'ala ce da isnadinta yake rubuce a jikin faya-fayan garmaho, da suna da shekara, ba ta buƙatar ƙiyasi balle tawili. An haifi Elvis a garin Tupelo na jihar Misisipi a 1935, iyayensa suka koma birnin Memfis a 1948, kuma a ranar 5 ga Yuli 1954, yana ɗan shekara 19, yana aikin tuƙin motar ɗaukar kaya, ya rera waƙar da ta fito da shi a ɗakin ɗaukar murya na Sam Phillips, mai kamfanin Sun. Sunan waƙar That's All Right. Mai ita kuwa Arthur Crudup, baƙin mutum ɗan Misisipi, wanda ya sa ta a faifai a Shikago tun 1946, lokacin da wanda Malam yake kira mafari yake yaro ɗan shekara 11. Gafarta Malam, yaya mutum zai zama mafarin abin da ya tarar ya yi shekaru yana yawo a kasuwa?

Kada a ce sau ɗaya ne aka yi dace. Faifai biyar Elvis ya fitar a kamfanin Sun kafin kamfanin RCA ya sayi yarjejeniyarsa a kan dala 35,000 a ƙarshen 1955, kuma babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ba ya ɗauke da waƙar baƙin mawaƙi a fuska ɗaya: ta farko ta Crudup, ta biyu ta Roy Brown wadda ta fito a 1947, ta uku ta Kokomo Arnold, ta huɗu ta Arthur Gunter, ta biyar, Mystery Train, ta Junior Parker, wanda ya rera ta a wannan ɗaki ɗin, a gaban wannan Sam Phillips ɗin, shekara biyu kafin Elvis. Hound Dog, wadda duniya take jingina masa tun 1956, wata mace mai murya kamar aradu, Big Mama Thornton, ita ta fara fitar da ita a 1953, ta yi mako bakwai tana kan gaba a jerin faya-fayan baƙar fata da suka fi ciniki. Wannan riwaya ce mutawatira, wadda masoyin Elvis da maƙiyinsa suka yi ittifaƙi a kanta.

Idan kuwa Malam ya ce ai waƙoƙin ne na aro, amma salon nasa ne, watau wannan duka mai nauyi a bugu na biyu da na huɗu, da jita mai lantarki, da ihun mawaƙi, to sai mu ƙara ja da baya. A 1944 Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci, ta riga ta haɗa waƙar ibada da kaɗa jita irin wanda samarin Memfis suka taso suna koyi da shi. A ƙarshen 1949 Fats Domino ya ɗauki The Fat Man a New Orleans. A watan Maris 1951 Ike Turner da Jackie Brenston suka ɗauki Rocket 88, wadda da yawa cikin masu tahƙiƙi suke ƙirgawa faifan rok-an-rol na farko, kuma a ina? A ɗakin Sam Phillips, wanda ya buɗe shi tun asali domin ɗaukar muryoyin baƙar fata irin su B.B. King da Howlin' Wolf. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan shekaru shi ne canjin suna: masu kasuwar faifai suna kiran kiɗan da sunan launin masu shi har zuwa 1949, sa'an nan mujallar Billboard ta sauya masa laƙabi, sa'an nan wani mai gabatar da shiri a rediyo a Cleveland, Alan Freed, ya shiga sa wa yaran farar fata shi daga 1951 da sunan rok-an-rol, kalmar da shi ma a bakin baƙar fata ya tsince ta.

Wani ɗan labari ya ishi mai insafi. A daren da aka fara sa faifan Elvis a gidan rediyon WHBQ na Memfis, jama'a suka yi ta bugo waya, mai shirin, Dewey Phillips, ya aika aka nemo yaron, kuma cikin tambayoyin da ya yi masa har da sunan makarantar da ya gama. Elvis ya ce Humes. Hikimar tambayar ita ce, a wancan zamani na wariya makarantar baƙi dabam ta farare dabam, saboda haka ambaton Humes shi ne sanar da masu sauraro cewa mai wannan murya fari ne, domin kunnensu ya riga ya hukunta musu akasin haka. Abin da kunnen mutanen Memfis ya gane a dare ɗaya, Malam ya kasa gane shi bayan shekara saba'in.

Abin mamaki, shi kansa wanda ake yi wa wannan da'awa bai taɓa yin ta ba. A hirar da aka yi da shi a 1956 ya ambaci Crudup da suna, ya ce baƙar fata sun daɗe suna wannan kiɗa kafin shi. A 1969 kuma, a Las Vegas, da 'yan jarida suka kira shi sarki, sai ya nuna Fats Domino da yake wurin ya ce ga mai sarautar. Sauran taurarin farko ma kowa da malaminsa. Carl Perkins ya koyi jita a gonakin auduga na Tennessee a hannun wani dattijo baƙi, John Westbrook. Jerry Lee Lewis yana yaro yake saɗaɗawa gidan rawar baƙar fata a garinsu Ferriday, kuma waƙar da ta ɗaukaka shi a 1957 Big Maybelle ta riga shi rera ta a 1955. Bill Haley ya ɗauki Shake, Rattle and Roll daga Big Joe Turner a shekarar da ta fito, ya tsabtace mata kalmomi don kunnen iyaye. Har samarin Ingila da suka biyo baya, Rolling Stones, sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka ciro shi. Almajirai sun yi iƙirari da malamansu, sai ga wani daga Mubi yana rantsuwa a madadinsu cewa ilhama ce aka yi musu! Shaidar maƙiyi kuwa ta fi ƙarfi: a 1956 ƙungiyar masu kare wariya ta arewacin Alabama, ƙarƙashin Asa Carter, ta yi gangamin a hana wannan kiɗa, hujjarsu ita ce na baƙar fata ne, zai lalata musu 'ya'ya. Su da suke zaune a tsakiyar abin ba su yi shakkar asalinsa ba.

Dalili na biyu ya fi na farko ɗan nauyi, shi ne cewa jita kayan Turawa ce, harshen Ingilishi ne, kuma uwar kiɗan ita ce waƙar ƙauyawan farar fata da ake kira kantiri, Afirka ba ta da hannu. A nan akwai gaskiya gwargwado, ba zan ɓoye ta ba: ɗaya fuskar faifan Elvis na farko waƙar Bill Monroe ce, farar fata, Chuck Berry kuma, baƙi, ya gina Maybellene ta 1955 a kan wata tsohuwar waƙar farare. Ruwan ya gudana ta fuska biyu. Amma a tambayi ita uwar daga ina ta sha nono. Hank Williams, limamin mawaƙan kantiri, a hannun wani baƙi mai kiɗan titi a Alabama, Rufus Payne, ya koyi jita. Jimmie Rodgers, wanda suke kira uban wannan fanni, ya ɗauki faifai tare da baƙin makaɗi Louis Armstrong a 1930. Banjo kuwa, wanda yau ya zama tambarin ƙauyawan farar fata, Thomas Jefferson da kansa, tsohon shugaban Amurka kuma mai bayi, ya rubuta tun ƙarni na 18 cewa bayi ne suka zo da shi daga Afirka, kuma surarsa ta farko ƙoƙon duma ce da aka rufe da fata aka soka mata sanda, wadda duk wanda ya taɓa ganin molo ko gurmi ko garaya, ko hoddu a hannun Bafillace, ba sai an yi masa tafsirinta ba.

Malam ya ce an hana bayi ganga, saboda haka kiɗan Afirka ya mutu a teku. Hanin gaskiya ne; bayan tawayen bayi na Stono a 1739 an kafa doka a Karolina ta Kudu a 1740 wadda ta haramta wa bayi ganguna. Sai dai Malam ya ɗauka, kamar yadda Turawan da yake karantawa suka daɗe suna ɗauka, cewa Afirka ganga ce kawai, alhali shi ɗan ƙasar goge ne. Masani Paul Oliver na Ingila a 1970, da Gerhard Kubik na Ostiriya a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, kiɗan baƙar fatar Amurka, sun nuna cewa wannan hani shi ya ba kiɗan tsirkiya na ƙasashen Sudan, daga Senegal har tafkin Chadi, damar rayuwa a can: mawaƙi ɗaya da abin kiɗansa, murya mai fita ta hanci, mai karkarwa, mai jan gaɓa ɗaya ta hau ta sauka, da abin kiɗa yana amsa wa murya kamar ɗan amshi. Kubik ya ɗauki wani Bahaushe mai goge a Kamaru, maƙwabciyarmu da muke hango duwatsunta daga Maiha, a 1964, ya gwama shi da faifan Big Joe Williams na Misisipi na 1935, wanda shi ma a cikinsa akwai mai goga tsirkiya ɗaya. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya ga yadda yake shafa ƙaro a izga, yadda yatsunsa suke taɓa tsagiyar ta gefe ba tare da sun danne ta a jikin sanda ba, har sautin ya riƙa zamewa tsakanin murya da murya kamar kuka, ya san abin da mai jitar Misisipi yake nema sa'ad da ya zura wuyan kwalba a yatsa yana jan sa a kan waya.

Ba na cewa gogen Adamawa ne ya haifi Elvis, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Mafi yawan Hausawan da aka ƙetarar da su teku Bahiya ta Brazil aka kai su, inda suka yi yunƙurin tawaye a 1807, waɗanda suka isa Amurka ta Arewa da wannan salo kuwa galibinsu ta Senegal da Gambiya suka fita. Dangantaka ce ta 'yan'uwan kaka, kuma Kubik da kansa ya yarda cewa buluz a Amurka aka haife shi. Amma wanda ya haife shi a can ɗin jikan bawa ne.

Dalili na uku wai faya-fayan farare sun fi ciniki, saboda haka su ne masu abin. Subhanallahi. Ashe a kasuwar shanu ta Mubi dillalin da ya tafa hannu aka loda bijimi a tirela zuwa Kudu shi ne ya yi kiwonsa, makiyayin da ya sha rana da shi daga Chadi kuwa ɗan kallo ne. Pat Boone, farar fata, ya ɗauki Ain't That a Shame ta Fats Domino a 1955 ya kai ta matsayi na ɗaya a jerin faya-fayai, ta mai ita ta tsaya na goma, domin gidajen rediyo da yawa ba sa sa muryar baƙi. Thornton ta ce dala 500 kaɗai ta taɓa gani daga Hound Dog. Crudup, wanda Elvis ya rera waƙoƙinsa uku, ya ƙare yana aikin gona a Virginia, ya rasu a 1974 yana bin haƙƙinsa bai samu ba. Wannan lissafi hujja ce ta zalunci, Malam ya karanta ta a matsayin hujjar mallaka.

Na huɗu, cewa Turawa biyu, Leiber da Stoller, su suka rubuta Hound Dog. Haka ne, kuma don bakin Thornton suka rubuta ta, da salon mutanenta. Idan kuwa launin marubuci ne hujja, to Don't Be Cruel da All Shook Up na Elvis, Otis Blackwell ne ya rubuta su, baƙi ɗan Brooklyn, kuma da shi aka rubuta Great Balls of Fire ta Jerry Lee Lewis.

 In Malam yana da faifai guda na farar fata mai wannan salo wanda ya riga na Rosetta Tharpe ko na Roy Brown, ya kawo suna da shekara, hanyar Maiha ba ta da nisa daga Mubi.