Ba kowane minshari ne barci ba



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu da hantsi tana neman abin da zai wartsakar da ɗanta. Saurayi ne, ya kwanta tun bayan Isha'i, an tashe shi sallar Asuba bai motsa ba, sai minshari yake ta ja. Na ce, "Hajiya, kin girgiza shi da ƙarfi?" Ta ce har mintsininsa ta yi. Ban sayar mata da komai ba, na ce maza ta koma a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota sai asibiti. Daga baya aka tsinci kwalaben maganin tari mai kodin a ƙarƙashin katifarsa. Allah Ya sa da sauran shan ruwa a gaba.

Mukan ce barci ƙanin mutuwa, amma jikin mai barci aiki yake yi. Bugun zuciya yakan lafa, awon jini ya sauka, zafin jiki ya ɗan ragu. Ƙwaƙwalwa tana zagayawa tsakanin barci marar nauyi da mai nauyi da na mafarki, kowane zagaye kamar minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A lokacin mafarki takan ɗaure hannu da ƙafa don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Idan ya farka kafin ta sake su, shi ne abin da muke kira dannau. Akwai ban tsoro, amma yakan wuce da kansa.

Duk nauyin barci, akwai masu gadi a jiki da ba sa runtsawa. Mai barci yana haɗiye miyau, yana tari idan ya ƙware, yana juyawa idan gefe ɗaya ya gaji. Uwa takan yi barci janareta na ruri, amma da jaririnta ya yi ɗan kuka ta farka.

Wanda ya fita hayyacinsa, waɗannan masu gadi sun kwanta tare da shi. Idan yana rigingine, harshensa yakan koma baya ya tare hanyar iska, kuma wannan ne ƙarar da mahaifiyar nan ta ɗauka minshari. Idan ya yi amai, ba tarin da zai hana shi gangarawa huhu. Shi ya sa gabana ke faɗuwa idan na ji an ce an ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara ko manja. Huhu suke tafiya. Haka tura cokali a bakin mai farfaɗiya, haƙora kawai ake karyawa.

To me za ku yi? Ku kira sunansa da ƙarfi, ku girgiza kafaɗarsa. Mai barci zai motsa ko ya yi tsaki. Idan shiru, ku dubi ƙirjinsa. Babba yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Numfashin da ke jan lokaci yana tsayawa, ko leɓe ya koma toka-toka, alamar haɗari ce. Idan yana numfashi, ku juya shi gefe, ku lanƙwasa gwiwar da ke sama, ku ɗan ɗaga haɓarsa, bakin yana kallon ƙasa. Wanda ya faɗo daga sama ko ya yi haɗarin mota, a kiyaye murɗa wuyansa. Idan ba numfashi, ku danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira 112 ko ya nemo mota. Suman yunwa ko zafin rana yakan sake mutum cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ya wuce haka na asibiti ne.

A aikinmu, iri biyu na fi jin tsoro. Akwai masu shan kodin da taramol da dayazifam, musamman idan aka haɗa su, domin suna danne sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi. Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau bai ɓace daga unguwanninmu ba. Sai kuma masu ciwon suga da suka yi allurar insulin ko suka sha ƙwayar rage suga, suka kwanta ba su ci abincin dare ba. Idan kun ga Baba ya jiƙe da zufa mai sanyi yana sambatu, kuma yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan suga nan take. Idan ba ya amsawa, kada komai ya shiga bakinsa.

In za ku tafi asibiti, ku kwashi duk kwalin magani da kwalbar da kuka gani a ɗakin, ko da ta abin kunya ce. Akwai allurar da ke karya kodin da taramol, akwai ta ɗaga suga, kuma kwalbar nan ce za ta nuna wa likita wadda zai ɗauko.