Wa Ke Ƙirga Shahunanmu?

Kowace bazara nakan ɗaga kai in kalli shahunan da ke shawagi daga madatsar Bakolori ta Maradun zuwa gonakin noman rani na Talata Mafara da Bakura. Wasunsu baƙi ne. Sukan yi hunturu a nan suna cin fara da ɓeraye, a watannin Maris da Afrilu su keta Sahara su koma Turai. A mashigin Jibralta masana kan zauna suna ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa ungulu ta ƙaranta a mahautanmu, ba wanda ya rubuta yaushe aka fara. Ɗalibai, bana ku ɗauki littafi ku fara ƙirga, domin ranar da shahunan suka ragu, manomi ne zai fara ji a jikinsa.