A Nemi Izini Kafin A Watsa Hoton Ɗalibi

Lokacin yaye ɗalibai ya sake zagayowa, kuma an sake maimaita abin da muka sha kuka a kai. Littattafan tunawa da 'yan ajin ƙarshe, ɗauke da hoton yarinya, cikakken sunanta, ranar haihuwarta da unguwarsu, suna yawo a Facebook da WhatsApp daga Birnin Kebbi har Argungu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ma sun bi sahu: a buɗe kabad ɗin makaranta, a ɗauki tsohuwar rajista da waya shafi-shafi, a watsa. Ba a nemi izinin kowa ba.

Masu yi suna cewa gara da ɗigar damina na cinye takardun. Haka ne, amma adana abu daban, baza shi a kasuwa daban. A rajistar nan akwai wanda ya faɗi jarrabawa, akwai wanda aka kora, akwai wadda aka cire daga aji uku aka yi mata aure. Yau iyayen wasu ne, kakannin wasu ne. Wa ya ba wani ikon tona musu asiri?

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya izinin yaron da bai kai shekara 18 ba a hannun iyayensa ko mai riƙonsa. Mun gaji da dokokin da ake sa wa hannu a Abuja su ƙare a durowa. A jihar nan ta Kebbi aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, wasu 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a hannun 'yan bindiga. Bayan wannan, da wane hankali za mu riƙa nuna wa duniya fuskar yarinya da hanyar gidansu?

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kebbi ta aika wa kowace makaranta umarni a rubuce. A kwafi tsofaffin hotuna da rajista a kwamfuta, a ajiye su a wuri irin Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, mai bincike ya je ya rubuta sunansa ya duba. Abin da zai hau intanet kuwa, a cire adireshi da ranar haihuwa da sakamako, a nemi izinin mai hoton ko iyayensa. Wanda ya ce a sauke nasa, a sauke ran nan.

Amana iyaye suka kai makaranta. A nemi izininsu.