Muryar da ta dushe ba a kemis take warkewa ba

Sanya murya ya zama sana'ar da ke ciyar da gidaje da dama a ƙasar Hausa. Akwai masu fassara fina-finan Indiya a Kano, akwai 'yan wasan kwaikwayo na rediyo, da masu karanta talla, da masu karanta littattafan hikaya a YouTube. A aikin fassara, sau da yawa mutum ɗaya ne zai yi muryar jarumi, ya kumbura ta ya yi ta mugu, ya siranta ta ya yi ta tsohuwa ko ta yaro, duk a zama guda. Jarinsa kaf yana cikin maƙogwaronsa. Ranar da murya ta dushe kuwa, da wuya ya nufi asibiti. Kemis yake tsayawa ya ce a haɗa masa abin da zai buɗe ta kafin gobe. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ra'ayina shi ne yawancin abin da ake haɗawar ba ya amfanar murya, wani ma cutar da ita yake yi.

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani guda biyu da ke cikin maƙogwaro, a bakin hanyar iska. Idan numfashi ya ratsa tsakaninsu sai su riƙa kaɗawa suna haɗuwa, kimanin sau 100 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sau 200 ko fiye ga mace. Wanda ya yi awa biyar yana ihu da kururuwar faɗa a gaban makirfo ya gwara su da juna sau ba adadi. Sai su kumbura, kaɗawar ta daina tafiya daidai, murya ta shaƙe. Idan aka ci gaba da tilasta musu, wurin da suke gogayya yakan yi kanta, kamar yadda tafin hannun manomi ke yi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: duk abin da aka haɗiya ba ya taɓa waɗannan tantani. Hanyar abinci daban, hanyar iska daban, kuma akwai marfin da ke rufe ta iskar a lokacin haɗiya. Da zuma ko ruwan citta za su kai wurin, da ƙwarewa mutum zai yi. Ba na hana kowa shan citta da kanumfari da zuma, suna sanyaya maƙoshi, kuma zuma tana rage tari. Amma ba su wanke murya. Abin da ke isa can shi ne ruwan da jiki ya sha ya rarraba, da kuma tururin sirace da aka shaƙa, na ruwan zafi zalla.

Maganin da ya fi damuna shi ne deksametazon da ɗan'uwansa firednisolon. Gaskiya ne suna sauke kumburi da sauri, shi ya sa ake yabonsu. Sai dai kumburin nan gargaɗi ne. Idan magani ya kawar da shi, mai aiki zai koma sutudiyo ya ɗora nauyi a kan raunin da bai warke ba. Ga tayar da sukari da hawan jini, ga illa ga ciki, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa farat ɗaya ba tare da haɗari ba. Likitan maƙogwaro yakan ba da su na 'yan kwanaki, amma bayan ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Mai kemis ba shi da abin leƙawar.

Sai maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin. Dushewar muryar da ke biyo mura galibi bairos ne ke kawo ta, wannan magani kuwa bakteriya yake kashewa, don haka asarar kuɗi ce kawai da koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Magungunan mura masu sa barci, irin su Piriton, suna busar da majina, amma tare da ita suke busar da damshin da tantanin murya ke buƙata. Asfirin da ibufurofen suna rage daskarewar jini, saboda haka idan ƙaramar jijiya ta fashe a tantanin yayin ihu, jinin ya fi saurin taruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a 2011 saboda zubar jini a tantanin murya, sai da aka yi mata tiyata a birnin Boston na Amurka. Idan ciwo ne ya dame ka, farasitamol ya fi dacewa. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin Nijeriya ta haramta haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018, ba shi da wani alheri ga murya, balle ga mai muryar.

Akwai kuma magungunan da likita ya rubuta bisa ƙa'ida amma suke taɓa murya. Maganin asma na shaƙa mai sitiroyid yakan dusar da ita. Kurkure baki da maƙogwaro bayan kowace shaƙa yana rage hakan. Maganin hawan jini irin lisinofiril yakan jawo busasshen tari ga wasu, tarin kuma gwara tantanin yake yi. Kada a daina ko ɗaya daga cikinsu da ka. A koma wurin likita a faɗa masa sana'ar da ake yi, domin akwai madadi.

To me ya rage? Hutu, wanda shi ne maganin da kowa ya fi ƙi saboda ba a biyan mai hutu. Murya idan ta dushe tana son kwana biyu ko uku na taƙaita magana. Raɗa ba hutu ba ce, takura maƙogwaro take yi. Gara a yi magana a hankali da muryar da aka saba. Yawan gyaran murya ma haka, kurɓar ruwa ta fi. A tsara aiki yadda muryoyi masu wuya, na mugu da na kuka da na ihu, za su zo a ƙarshen zama, a kuma riƙa tsayawa ana shan ruwa. Lokacin hunturu a rufe hanci da baki a kan hanya, a watan azumi kuma a mayar da ɗaukar murya mai nauyi bayan shan ruwa. Taba da shisha ba sa haɗa hanya da wannan sana'a.

Ƙwannafi ma ɓarawon murya ne. Wanda ya tashi daga aiki tsakar dare, ya ci tsire da yaji, ya kora da shayi ya kwanta, ruwan ciki mai tsami zai iya haurowa har maƙogwaro yana barci, ya wayi gari da shaƙaƙƙiyar murya. A bar tazarar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya.

Ga iyalai, ku ne kuka fi sanin muryarsa ta asali, kuma ku za ku fara jin ta sauya. Idan dushewa ta kai mako uku zuwa huɗu ba ta tafi ba, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, musamman idan yana shan taba, domin sankarar maƙogwaro takan fara da wannan alama. Idan kuwa murya ta ɗauke kwatsam ana tsakar aiki, ko akwai jini a kaki, ko wahalar haɗiya ko numfashi, ko kumburi a wuya, ba a jiran makonnin. A yi shiru, a tafi asibiti.