Lafiyar Iyali: Turmi Ya Faɗa Wa Yatsu

A watan jiya mun je gai da wata uwa daga cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Mun same ta zaune a tabarma, ƙafar hagu a miƙe bisa matashi, fuska a murtuke. Tana mirgina turmi ne za ta kai shi inuwa, ya kuɓuce mata, bakinsa ya sauka a kan yatsu biyu na tsakiya. Da aka ɗauki hoto a asibiti, sai aka ga duka biyun sun karye. Ba zafin ne ya ɓata mata rai ba. Likita ya ce mako 6 ba gona, ba rijiya, ga shi kuwa gyaɗarta ta isa cira.

"Saboda 'yan yatsu biyu kaɗai?" in ji ta. "Ni da na haifi bakwai!"

Muka yi dariya, amma tambayar ta bi mu har gida, gama yawancinmu haka muke tunani. Idan cinya ta karye, kowa ya san kwanciya ta kama. Yatsa kuwa raina shi ake yi, a ce ai tuntuɓe ne, a ci gaba da takawa.

Ku duba ƙafarku, 'yan'uwa. Ƙasusuwa 26 ne a cikinta, 14 daga ciki suna a yatsu: babban yatsa yana da 2, sauran galibi 3 kowanne. Duk takun da muka yi, yatsu ne ke rabuwa da ƙasa a ƙarshe, su ne ke tura jiki gaba. Sa'ad da ƙashi ya karye, jini yakan taru a wurin, daga baya wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakin biyu, sannan a hankali ya yi ƙarfi ya zama ƙashi. Wannan aiki yakan ci mako 4 zuwa 6, babu kuwa maganin da zai gajarta shi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, zafi yakan lafa tun cikin mako na biyu, alhali haɗin bai yi ƙwari ba tukuna. A lokacin ne mutum yakan ce ya warke, ya ɗauki fartanya. Sai kumburi ya dawo, wani lokaci ma yatsan ya haɗe a karkace, takalmi ya riƙa cinsa har tsufa.

A kwana biyu ko uku na fari, a zauna, a ɗaga ƙafar bisa matasai. In an kwanta, ta ɗan fi ƙirji tudu. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma, ko ruwan leda mai ƙanƙara ma ya isa, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Kada a sa ƙanƙara tsirara a fata. Gashi da ruwan zafi da murza, waɗanda kakanninmu ke gaggawar yi, a bar su a kwanakin nan, kumburi suke ƙarawa. Paracetamol ya isa domin zafin. Idan ƙaramin yatsa ne kuma yana nan miƙe, akan sa 'yar auduga tsakaninsa da maƙwabcinsa, a ɗaure su tare da filasta, ba tam-tam ba. Lafiyayyen ya zama sandan ɗori ga mai ciwon. A sāke audugar kowace rana, da duk lokacin da ta jiƙe. Silifa ba ta da amfani a nan, domin tana lanƙwasawa tare da yatsu. A nemi takalmi mai faɗin baki, mai taurin ƙasa.

Akwai karayar da ba ta gida ba ce. Idan babban yatsa ne, ko yatsan ya karkace, ko fata ta tsage a wurin, ko ya yi sanyi, ya yi baƙi, ko mutum ba ya jin taɓawa, a tafi asibiti ran nan, kada a kwana. Rauni a buɗe yana bukatar wanki sosai, da allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai sanƙarar da jiki. Mai ciwon sukari kada ya ɗaure yatsansa da kansa ko kaɗan. Yaro kuma in ya yi tuntuɓe jini na fitowa daga gindin farce, a kai shi a duba, domin mai yiwuwa ne karaya ce a buɗe ƙarƙashin farcen.

Mun san da yawa cikinmu wurin maɗori muke fara zuwa, ba kuwa za mu zage su ba, akwai masu hannu a cikinsu. Amma ɗauri mai tsanani yakan tare jini, yatsa kuma in ya rasa jini ruɓewa yake yi, ƙarshensa yanka. Idan bayan ɗauri zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, a kwance nan take, ko wane ne ya ɗaura.

Farce kuma yakan yi baƙi ya faɗi. Kada wannan ya tsorata ku, wani zai tsiro, ko da yake yakan kai shekara kafin ya cika.

To, amma duk wannan mai sauƙi ne a takarda. Wuyar tana cikin gida. Uwar da aka ce ta zauna, in ta ga randa ba ruwa, tuwo bai hau wuta ba, tashi za ta yi, ko likitoci goma ne suka hana ta. Saboda haka umurnin likita ba nata ba ne ita kaɗai, na maigida ne da 'ya'ya. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 12, ya kwatanta masu bi da gaɓoɓin jiki ɗaya, ya kuwa ba gaɓoɓin da ake rainawa muhimmanci. Mu maza musamman muna son ayoyin nan ran Lahadi, amma guga da igiya ran Litinin sukan yi mana nauyi.

A gidan da muka je, maigidan ya yi shiru yana sauraro, can ya ce, "Uwargida, zauna abinki. Ruwa na wuyana." Samarin ikkilisiya suka yi mata gayya wata Asabar, suka cire gyaɗar kafin rana ta take. Ita kuma aka kawo mata gyaɗar gindin tabarma tana tsinka a zaune, tana faɗan an bar rabi a ƙasa.

Ran Lahadin da ta wuce mun gan ta a sujada, mako na biyar ke nan. Ta shigo a hankali, sanye da takalmin maigidan a ƙafar hagu, nata a dama. Yatsun suna ɗan kumbura da yamma, an kuwa gaya mata wannan zai iya kai 'yan watanni. Da mata suka tashi rawa lokacin baiko, 'yarta ta riƙe mata gefen zane.