Karo-karon da ban nema ba

"Malam, in kuɗin mota ne ya gagara, ai sai ka yi magana a yi maka karo-karo." Abin da shugaban sashenmu ya ce ke nan ranar Litinin, takardar neman hutuna a gabansa, biro a hannu, bai kai ga sa hannu ba. Ofis ya kwashe da dariya, har da masinja, wanda na san da ƙafa yake zuwa aiki tun da aka cire tallafin mai. Laifina bai wuce an tambaye ni inda zan yi hutun ƙarshen shekara ba, na ce keke zan hau daga Kano zuwa Daura, in hali ya yi in leƙa Damagaram, in juyo.

Yallaɓai bai faɗi wani sabon abu ba, abin da ke bakin kowa ne ya fito ta nasa. A ganinmu duk magidancin da aka gani bisa keke, to arziki ya juya masa baya, sai a yi ta yi masa addu'a a ɓoye. Hutu kuwa iri biyu muka sani. Mai kuɗi ya hau jirgi ya tafi Dubai, ya yi mako guda yana zagaye cikin manyan kantuna, ya ɗauki hoto a gindin dogon bene, ya dawo da akwati uku da ciwon baya. Marar kuɗi ya kwanta a gida, ya cinye kwanakinsa tsakanin ɗaurin aure da suna da zaman majalisa, ya koma aiki a gajiye fiye da yadda ya tafi. Wanda ya ce zai yi wani abu dabam da waɗannan, sai a fara duba lafiyar aljihunsa, daga nan a koma ta kansa.

Abin haushin shi ne raina keken nan baƙo ne a wurinmu. Iyayen waɗannan masu dariyar da bashin keke suka fara aikin gwamnati. Malamin makaranta, malamin gona, duba-gari, magatakardan kotu, kowa da Ralinsa, ya goge ta da tsumma kowace safiya, ya ɗaure bakin wandonsa kada sarƙa ta ci, ya kaɗa ƙararrawa yara su bi shi da kallo. Mahaifina sai da ya shimfiɗa wa sirdin tasa ƙyallen ulu, kuma a ɗaki take kwana, ba ta kwana a soro. Sai kuɗin mai suka zo, ƙarin albashin Udoji ya sauka a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, muka wayi gari mun zama manyan mutane. Aka jingine dokin ƙarfe a bayan ɗaki, kaji suka mai da shi wurin kwana. Shekara hamsin ke nan muna cikin wannan mayen. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a 2024, amma mayen bai sake mu ba. Mutum ya gwammace ya tsaya awa guda a bakin titi yana ciniki da mai A Daidaita Sahu a kan naira ɗari, da a gan shi yana taka feda.

Mun taɓa samun wanda ya gaya mana gaskiya. A 2001 Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya ce a koma wa keke, ya kuma hau da kansa zuwa aiki a Abuja. Jaridu suka laƙaba masa Ojo Onikeke. Da wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati, ƙasa ta samu abin dariya na wata guda. Ban ji an tsaya an tambayi dalilin da ya sa babban birni sabo fil, wanda aka zana a takarda kafin a aza bulo ɗaya, ya rasa gefen da mai keke zai bi ba. Ministan aka yi wa dariya, direban bas ɗin kuwa ko sunansa ba wanda ya riƙe.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Shi wannan yallaɓai namu, da ire-irensa da likita ya tsorata da maganar hawan jini da ciwon suga, akwai keke a gidajensu. Irin wanda aka girke a falo ne, ba shi da taya a ƙasa, a hau a yi ta tuƙi ana kallon talabijin, gumi na zuba, ba a je ko ƙofar gida ba. Kuɗinsa ya sayi irin nawa uku. Wannan shi ne wayewa. Nawa da zai kai ni Kazaure shi ne talauci.

Kada in manta da masu gadi, don da su nake kwana a rai. Ka zo ƙofar banki ko otal ko wata ma'aikata a mota, ko da ta aro ce, ko da hayaƙi take yi kamar an kunna yayi, za a wangale maka ƙofa a sara maka. Ka zo a keke, sai a ɗaga maka hannu tun daga nesa: "Baba, ina zuwa? Ajiye shi a waje." Wajen kuma babu ko ƙarfen da za ka ɗaure shi. Watan jiya na je wani taro da ni ne ma aka gayyata in yi jawabi. Mai gadi ya dube ni, ya dubi keken, ya ce masu kawo abinci ta ƙofar baya suke shiga. Na nuna masa katin gayyata, ya juya shi gaba da baya, ya ce in jira ya tambayo. Ina tsaye a rana motoci huɗu suka shige ba a tambayi kowa komai ba. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da manyansa suka koya masa yake yi.

To bari in faɗi shirin nawa, ko masu tausayina sa samu barci. Kano zuwa Daura bai kai kilomita 150 ba. Mai matsakaicin ƙarfi irina, in ya tashi bayan sallar Asuba ya tuƙa zuwa hantsi, ya nemi inuwa ya sha fura ya jira La'asar, ya ƙara awa ɗaya ko biyu, zai ci kilomita 60 a yini ba tare da ya wahalar da kansa ba. Ranar Asabar zan fita in kwana Dambatta, don in wayi gari a kasuwarta ta Lahadi. Daga nan sai Kazaure, inda duwatsu za su gwada cinyoyina, sai Daura, in ja ruwan Kusugu da guga in sha. In ƙarfi ya rage, ga Kongolam nan kusa, a bi ta Matamaye a faɗa Damagaram, a ga Birni da fadar Sarki da manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye. Na zaɓi hunturu don rana ba ta da ƙarfi, na kuma san abin da zai biyo baya: iskar daga arewa maso gabas take busowa, a tafiya za ta yi ta dukan ƙirjina, a dawowa kuma ita za ta turo ni gida. Kayana duka a kariya za su zauna: kaya kala biyu, bargo, famfo, sholisho da faci, sifana, gorar ruwa biyu, man shafawa saboda kaushi, dabino da ƙuli-ƙuli. Abin da ya fi ƙarfina kuma, babu garin da ke kan hanyar nan da ba shi da mai gyaran keke a gindin bishiya.

Na bi wannan hanyar a mota ya fi sau ashirin, kuma in aka ce in faɗi abin da na gani, ba zan wuce ƙeyar direba da shingen jami'an tsaro ba. Haka yawancinmu muka san ƙasarmu, ta gilashi, a guje. Akwai ɗan boko a Kano da zai kwatanta maka titunan Landan ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa zama a ƙofar masallacin wani ƙauye a Jigawa an kawo masa ruwa a kwanon sha ba.

Na san za a ce tsaro. Kullum tsaro. Ban ce zan bi ta Birnin Gwari ba, ban ce Zamfara ba. Kuma waɗanda aka sace a hanyar Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 a jirgin ƙasa suke, ba a keke ba. Ɓarawon da ya bar mai jif ya tare ni, ya yi asarar yininsa. Za a ce rana, kamar masu faɗin haka a Rasha aka yanke musu cibiya. Za a ce shekaru sun ja. Ku fito da sassafe ku ga dattawan da ke shigowa Kano daga ƙauyukan Gezawa da Minjibir, keke ɗauke da itace ko buhunan kayan gwari har ba a ganin mai tuƙin, wasu sun girme ni da shekara goma. Su ba wanda ya yi musu karo-karo.

Maganar motoci ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ke mai da ni kan tsohuwar rigimata da masu tsara birnin nan. Shekara nawa ina faɗar wannan magana? Kowace gwamnati ta zo sai ta yi gadar sama, ta yi ta ƙasa, a Ƙofar Nassarawa, a Dangi, a ko'ina, a sa fitilu a ɗauki hoto. Ina mai keke zai bi? Ina mai ƙafa zai tsallaka? An sare darbejiya da maɗacin da ke yi wa tituna inuwa don a faɗaɗa kwalta, an cike kududdufai an yanka filaye, ganuwar da kakanni suka gina da hannu ana ta yagarta ana dasa shaguna. Duk tunani ɗaya ne ya haifi wannan: birni na mai mota ne, sauran jama'a su raɓa. Mutanen da suka hana keke hanya su ne kuma ke juyowa su ce hawan keke haɗari ne.

In na ce a Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma Mark Rutte a keke ya bar ofis a Yulin 2024 bayan kusan shekara 14 yana firaminista, za a ce ai can Turai ne. To Wagadugu fa, inda mata da maza ke cika titi a kekuna, a ƙasar da ke shirya tseren Tour du Faso tun 1987? Mamadou Safayou Barry fa, ɗalibin nan ɗan Gini da ya tuƙa keke kusan kilomita 4,000 a 2023, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar har Chadi, don ya kai ga karatu a Azhar? Shi mun yi ta yaɗa hotonsa a Facebook muna masha Allah. Da maƙwabcinmu ne, da mun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Yallaɓai dai ya sa hannu a takardar, yana girgiza kai. Na ji kuma an ce da gaske wasu a ofis sun fara tara wani abu. In haka ne, kada a mayar wa kowa kuɗinsa. A saya mini taya biyu masu kauri da sabuwar sarƙa, a aiko kafin Juma'a, don Asabar da Asuba zan ɗau hanya.